Darasi na 7: Teɓa, hawan jini da ciwon suga, tushensu ɗaya

To iyayena da yayyena, yau maganar teɓa za mu yi. A wajenmu in mutum ya ajiye teɓa sai a ce hutu ya zo, Alhaji ya samu duniya, amma ni wallahi abin tsoro yake ba ni, don sau da yawa kitsen cikin nan alama ce insulin ya yi yawa a jini.

Insulin wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa a wata gaɓa da ke bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. In ka ci tuwon shinkafa ko burodi, abincin zai narke ya koma suga a jini, shi kuma insulin shi ne ɗan aiken da ke yi wa tsoka da hanta sallama su buɗe ƙofa su karɓi sugan. To in kullum da safe shayi ne mai suga cokali huɗu, da rana shinkafa da lemon kwalba (kwalba ɗaya sugan cikinta ya kusa cokalin shayi 9), ga zaman shago tun safe har magariba ba motsi, sai tsokar ta fara yin kunnen uwar shegu da sallamar nan, fankiriyas ta ga haka ta ƙaro insulin, gobe ta ƙaro, a shekara goma ana haka mutum bai ji ciwon komai ba, in an gwada suga ma a ga lafiya lau.

Amma ɓarna na gudana a ɓoye. Yawan insulin na hana jiki ƙona kitse, yana sa hanta ta ƙara yin maiƙo ta zuba a jini, ƙoda kuma ta riƙe gishiri jini ya hau. Wani likita a Amurka, Gerald Reaven, shi ya fito da wannan bayani a 1988, cewa cututtukan nan tafiyarsu ɗaya. Yanzu abu biyar ake dubawa: faɗin ƙugu, hawan jini daga 130/85, suga kafin karin kumallo daga 100, maiƙon jini daga 150, sai ƙarancin kolestarol mai kyau (wani irin maiƙo a jini da ke taimakawa wajen share jijiyoyi). Wanda ya haɗa uku ya shiga layin ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ku duba bayan wuya da hammata ma. Baƙin nan mai kauri da ake ta dirza da soso ana cewa datti ne, a wasu mutane insulin ne ya jawo shi.

Abin daɗin, jiki na dawowa hanya. Tafiyar ƙafa da sauri minti 30 kwana biyar a mako, a rage malmalar tuwo a ƙara wake, zogale, rama da kuɓewa, fura a sha ba suga. Mai kilo 90 in ya sauke 5 ko 6 kawai zai ga canji. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuwa don Allah kar ya daina.

Aikin gida: ku ari tef ɗin tela ku auna ciki daidai cibiya, a tsaye, bayan kun saki numfashi. Ku rubuta lambar a littafinku. Namiji in ta kai santimita 94, mace 80, a je asibiti a gwada jini da suga, a zo mana da takardar mu karanta lambobin tare ranar darasi na gaba.