Yadda za ku sa gwamnati ta ware kuɗin binciken cutar Parkinson

Karon farko da muka je wajen wani ɗan majalisa kan wannan magana, ni da mahaifina mai fama da Parkinson, cutar ƙwaƙwalwa da ke sa karkarwar jiki, da wasu mutum huɗu, ambulan muka dawo da shi. Ya tausaya mana, ya ba da kuɗin magani, aka ɗauki hoto, maganar ta mutu a nan. Laifinmu ne. Kuka muka kai masa, ba buƙata ba, kuma na sha ganin wasu sun maimaita wannan kuskuren.

Da farko ku haɗa kanku. Ku je asibitin koyarwa ranar da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke ganin marasa lafiya, a kan bencin jira za ku samu 'yan uwanku. Mutum 10 sun isa. Ku roƙi likita ɗaya ya shigo cikinku, don idan babu shi za a ce muku ai karkarwar tsufa ce, wani ma ya ce sammu ne. Kada ku ɓata kuɗi kan riguna da huluna yanzu.

Sai takarda, kuma a nan ne ake faɗuwa. Shafi ɗaya tak. Ba a rubuta "a taimaka wa masu Parkinson", wannan ba ya shiga kasafi. A rubuta abu guda mai suna da farashi: rajistar masu cutar a jiha, ko kaso daga asusun bincike na TETFund (hukumar tallafa wa manyan makarantu), ko layi a kasafin Ma'aikatar Lafiya. Likitanku ne zai fitar da adadin, kada ku yi kirdado. A ƙasa ku sa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne binciken 2023, da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar halitta ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga masu asalin Afirka. Mafi yawan masu cutar da aka gwada 'yan Najeriya ne, amma kuɗin aikin daga waje ya zo. Ku faɗa wa ɗan majalisa haka baki da baki.

Ranar ganawa mai cutar ne zai fara magana, ba ɗansa mai Turanci ba. Muryar mahaifina ta yi ƙasa sosai, sai da Honarabul ya matso da kujerarsa, ya ga kofin ruwa yana rawa a hannun Baba har ya zuba a rigarsa. Kada kowa ya ƙarasa masa jimla. Ku daidaita lokaci da shan levodopa, maganin cutar, ku tafi da ƙari a aljihu, domin jiran ofis kan cinye awa uku. A 1999 Michael J. Fox, ɗan wasan fim mai fama da cutar, ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ba tare da ya sha maganinsa ba don su ga cutar da idonsu. Kada ku kwaikwaye shi, yanke magani kwatsam haɗari ne. Idan aka miƙo ambulan, ku yi godiya ku ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan muka kawo."

Lokaci kuma: ku shiga tun tsakiyar shekara, kafin kasafi ya isa majalisa, ku nemi 'yan kwamitin lafiya. Ranar 11 ga Afrilu, ranar Parkinson ta duniya, ku nemi fili a gidan rediyo. A Amurka an yi dokar Udall kan binciken Parkinson a 1997, ta gaba mai girma sai 2024, don haka shekara ɗaya ba ta isa. Sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Ku karɓi lambar mataimakin ɗan majalisar, ku riƙa kiransa duk wata.