Kurakuran da ke raunana garkuwar jikin 'ya'yanmu, daga Mai Wurno zuwa Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, Hausawa da yawa na Khartum da Jazira da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake, sun bar gidajensu, wasu zuwa Gadarif, wasu Kassala, wasu har yanzu suna raɓe wurin 'yan uwa. Cikin abubuwan da suka salwanta a hanya har da katin rigakafin yara. Daga nan ne wani babban kuskure ya taso: uwa ta ce ai kati ya ɓata, ko lokacin allura ta biyu ya wuce da watanni, don haka zuwa asibiti ba shi da amfani kuma. Wallahi yana da amfani. Jiki ba ya mance allurar da ya riga ya karɓa, kuma ba a sake farawa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Ki ɗauki yaron ki je cibiyar lafiya mafi kusa, ki faɗi shekarunsa da abin da kika tuna, a ba ki sabon kati. In akwai waya a gidan, a ɗauki hotonsa ranar nan.

Tsarin ba shi da wuyar riƙewa. Ranar haihuwa ko kusa da ita ana yin allurar tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a damtse. A sati 6 da 10 da 14 ana yin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, tare da ɗigon shan inna da rigakafin ciwon huhu, ana kuma ɗiga na gudawa. A wata 9 sai ta ƙyanda, a maimaita ta a shekara ta biyu. Wannan maimaicin ne mutane suka fi watsi da shi, suna ganin yaro ya fara tafiya, ya wuce haɗari.

Ƙyanda kuwa ba ciwon rainawa ba ce. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da mai ita, kusan 9 za su kamu, to a ƙiyasta ɗaki guda da gida uku ke kwana a ciki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ko bayan ƙurajen sun baje, ƙyanda tana goge wani ɓangare na kariyar da jikin yaro ya tara daga cututtukan da ya taɓa yi. Shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga ƙyanda, sai gudawa ta kama shi, sai ciwon huhu, sai ramewa. Ɓoye shi a ɗaki ana jira ƙurajen su gama fitowa kuskure ne. A kai shi a duba, a ba shi bitamin A, wanda ke kare idanunsa yana kuma rage haɗarin mutuwa.

Wani kuskuren da ke damuna ƙwarai shi ne a ce yaro ya rame ko yana mura, bari ya murmure tukuna kafin a yi masa allura. Mura da ɗan zazzaɓi da 'yar gudawa ba sa hana rigakafi, ramammen yaro kuwa shi ya fi kowa bukatarsa, domin cutar da ɗan maƙwabta zai yi ya tashi, shi tana iya tafiya da shi. Ma'aikacin lafiya ne zai ce a dakata idan ciwon ya yi tsanani. Haka ɗan zafin jiki ko kumburin cinya bayan allura, kwana ɗaya ko biyu ne ya wuce, kada ya sa maigida ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba. Mazauna Gadarif da jihar Nil Shuɗi su tambaya game da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara bayarwa a wasu yankunansu a watan Nuwamban 2024. Yana rage kamuwa da zazzaɓin ne, bai ɗauke bukatar gidan sauro ba.

Allura tana koya wa jiki gane cuta, amma ƙarfin yin faɗan daga abinci yake fitowa, kuma abincin farko shi ne dakashi. Har yanzu akwai gidajen da ake tatse shi a zubar, a ce ƙazanta ne, alhali cike yake da kariyar da uwa ke miƙa wa jaririnta. A sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa. Daga nan har wata 6, nono kaɗai. Na san zafin Sudan, na san tausayin kaka ne ke sa ta ce a ɗan ɗiga masa ruwa, amma mafi yawan nono ruwa ne, ya ishe shi ko a tsakiyar bazara. Ruwan randa ko na jarka, a lokacin da kwalara ke yawo, shi ne ƙofar gudawa. Zuma ma kada ta shiga bakin yaron da bai cika shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Cire beli a hannun wanzami ba ya maganin komai, zubar jini da cuta yake jawowa.

Bayan wata 6 kuma sai a faɗa wani kuskuren: tsararon kunun dawa safe da yamma, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Kunu ya yi kauri har ya zauna a cokali, a zuba masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ɗan mai ko madara. Adas da ful, wato nau'o'in wake, da aka dafa suka yi laushi, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, garin kuka, kabewa, duk sun fi biskit da lemon kwalba. Shayi kuwa, duk da ƙaunar da muke masa, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ƙaramin yaro ba ya bukatarsa. A zuba wa yaro nasa a kwanonsa daban, don in ya sa hannu a akushi ɗaya da yayyensa, miya za ta ƙare kafin ya kai loma uku. Nono ya ci gaba har shekara 2.

Idan gudawa ta zo, kada a janye abinci ko nono wai don ciki ya huta. A narka ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Sai maganar tamowa. Ƙafafun da suka kumbura duka biyu ba ƙiba ba ce, alamar haɗari ce. A cibiyar lafiya ana auna damtsen yaro da zare mai launi, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ana ba da abincin gyaɗa na musamman a ƙunshi. Wannan magani ne da aka ƙidaya wa yaro guda. Na san halin da gidaje ke ciki, na san wuyar kallon sauran yara suna miƙo hannu, amma in aka raba shi ko aka kai kasuwa, mai ciwon ba zai tashi ba. A wanke masa hannu da sabulu, a ba shi ruwa mai tsabta ya sha in ya ci, a koma ranar awo ko da an ga ya fara kumari.