Yadda ake tabbatar da sabon jinsi cikin ƙananan makankarin ƙasan teku

Da farko dai sai ka samo laka, don waɗannan halittu masu ɓawo biyu, dangin makankarin kogi, a cikin taɓon ƙasan teku suke binne, wasu ko milimita 2 basu kai ba. A wuri irin Clarion-Clipperton, tsakanin Hawai da Meziko, zurfin ya haura mita 4,000, to daga jirgi ake zura akwatin ƙarfe ya yanko lakar, ko kuma a ja wani keji a ƙasa yana kwasa, dabarar da masana Sanders da Hessler na cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka suka fito da ita a shekarun 1960.

Laka na hawowa sai tacewa, da ruwan teku mai sanyi da rariya mai ƙananan idanu kamar milimita 0.3, kuma a hankali fa, ɓawon nan baya jure matsa.

Anan ne mutane ke kwafsawa. In ka zuba su duka a fomalin, sinadarin dake hana nama ruɓewa, ka lalata DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, in kuma ba a kashe tsamin fomalin ɗin ba ɓawon ma zai cinye, shi yasa gara ka raba biyu, wasu a itanol kashi 96 cikin ɗari mai sanyi saboda DNA, wasu a fomalin don duba naman ciki. Ka ɗauki hoto kafin komai.

Sai madubin ƙara girma. Duba haƙoran dake wurin da ɓawon biyu suka haɗe, nawa ne, ya jerinsu yake, sannan ɗan ɓawon jarirantaka dake can ƙololuwa, wannan sai na'urar ƙara girma mai aiki da ilektiron zata nuna maka shi sosai. Kada siffa ta ruɗe ka, ƙarami da babba na jinsi ɗaya kan sha bamban, jinsi biyu kuma su yi kama har ka rantse ɗaya ne, to a nan ake karanta sashen DNA da ake kira COI a gwada.

Gaskiya aikin da yafi cin rai shine komawa kan na da, ka bincika MolluscaBase, rumbun sunayen irin waɗannan halittu a intanet, ka nemi samfuran da ke ajiye a gidajen tarihi irin na Landan ko Senckenberg a Jamus, don kar ka raɗa wa abinda yake da suna tun ƙarni na 19 wani suna. In ya tabbata babu irinsa, ka ware guda ɗaya ya zama ma'auni a ajiye a gidan tarihi, ka bashi sunan Latin mai kalma biyu, ka wallafa bayaninsa a mujallar kimiyya. In a intanet kaɗai mujallar take, tun 2012 dole a yi rajista a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi, in ba haka ba sunan bai zauna ba.