Uba ya zama ɗan Amurka, yaro yana Sakkwato: kurakuran da ke hana samun fasfo

Babban kuskuren da ake yi shi ne zaton cewa da zarar uba ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Amurka, 'ya'yansa da ke gida Sakkwato ma sun zama Amurkawa. Ba haka abin yake ba. A fara ɗora ranar haihuwar yaro kusa da ranar da ke jikin takardar rantsuwar uban, domin daga nan hanya ke rabuwa.

In an haifi yaron kafin rantsuwar, dokar Amurka ta shekarar 2000 kan ɗan ƙasancin yara ce ke kansa, wadda ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu, 2001. Dole ya kasance bai cika shekara 18 ba, yana da katin zama na dindindin, kuma yana zaune a Amurka ƙarƙashin kulawar uban. Yaron da ke unguwar Mabera a Sakkwato wurin kakarsa bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Nan ne jinkiri ke cutar da mutane. Sai uba ya ce a bari yaro ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare tukuna. Niyyar tana da kyau, amma ranar da ya cika 18 wannan ƙofa ta rufe, sai dai ya nemi zama ɗan ƙasa da kansa bayan shekaru. A shigar masa da fom I-130, wanda uba ke fara nema masa katin zama da shi, da wuri.

In kuwa bayan rantsuwar aka haife shi, ofishin jakadancin Amurka na Abuja ko na Legas za a je a yi rajistar haihuwarsa kafin ya cika 18. Idan uwar ba 'yar Amurka ba ce, uban zai nuna ya zauna a Amurka shekara 5 kafin haihuwar, 2 daga ciki bayan shi uban ya cika 14. Baki ba ya isa, sai takardun haraji, na albashi ko na makaranta.

Sai takardu. Katin asibiti ko rantsuwar shekaru ta kotu ba sa maye gurbin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A duba rubutun suna sosai: Usmanu a nan, Usman a can, yana jawo tambayoyi. Takardar aure da aka rubuta da Larabci ko Hausa tana buƙatar fassarar Turanci mai shaida.

Akwai batun da ake jin nauyin faɗa. Amurka ba ta amince da auren mace ta biyu ba, don haka ɗan amarya zai buƙaci ƙarin hujja cewa uban ya amsa shi nasa ne, wani lokaci har da gwajin DNA. Agola kuwa ba ya samun ɗan ƙasanci ta wurin mijin uwarsa don aure kawai. Kada a ɓoye gaskiyar gida a fom, ƙarya ta fi kowane kuskure tsada a nan.

Wajen cike fom DS-11 na neman fasfo ga yaron da bai kai 16 ba, ana son amincewar iyaye biyu. Wanda ba zai halarta ba ya cike fom ɗin amincewa, DS-3053, a gaban mai shaida na doka.