Yadda za ki cire dauɗar da ta kafe a gilashin taga ta ciki

Hayaƙin turaren wuta in ya haɗu da ƙurar hunturu, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi.

Fara kakkaɓe ƙurar da busasshen tsumma, don yashin Maradi yana karce gilashi. Sai ki haɗa ruwan ɗumi da lemun tsami, ki shafa, ki bari minti 5.

Inda salatif ya bar danƙo, ɗiga man gyaɗa, shi ke sassauta shi, sannan ki wanke da sabulu. In ya ƙi, kwantar da sabuwar reza ki kankare a hankali, gilashin yana jiƙe. Gilashi mai baƙar leda kuwa, kada reza ta taɓa shi.

Ki ɗauraye ki goge da safe, kafin rana ta gasa tagar.