Yadda ake jagorantar baƙin maharba a dajin Damagaram

Baƙon da ya zo farauta ya iya harbi, amma bai san dajin ba. Duk abin da zai same shi, ko ya sami wani ta dalilinsa, yana wuyan jagora.

Takarda ce farko. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta a Nijar, don haka ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka tabbatar an buɗe lokaci, kuma kowane baƙo yana da izinin farauta da na bindigarsa. Daga nan sai gaisuwar mai gari da sarkin dawa, da ɗan goro. Gandun Termit da Tin Tuma, wanda aka kafa a 2012, ba wurin farauta ba ne. Jimina, tuje da barewa kuwa, ko Alhaji ya matsa, ka ce masa: «Ranka ya daɗe, wannan ba namu ba ne.» Zabo, fakara da zomo sun isa.

Kwana guda kafin fita ka zaga kai kaɗai, bakin tafki da gindin gawon da zabi ke kwana a kansa. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake. Wanda ya kwana iska ta cike shi da rairayi. Ka tambayi makiyaya inda za su kora dabbobi gobe, don kada baƙo ya ga motsi a cikin sabara ya harbi akuyar mutane, ko yaron da ke kiwonta.

Sai iska, wadda a kanta yawancin farauta ke lalacewa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ku shigo daga kudu maso yamma tana dukan fuskarku. Ka ƙulle toka a ƙyalle, kana kaɗawa kana duban inda ta nufa, domin in rana ta ɗaga iska kan juya. Ko a duwatsun Amurka, masu jagorantar farautar babbar barewar da suke kira elk da 'yar hoda suke wannan gwaji. Naman daji mai ƙafa huɗu hanci ne makaminsa, zabo kuwa ido, don haka farar riga da turare su zauna a gida.

Kada bindiga ta wuce huɗu a hannun jagora guda. Ka jera su sahu ɗaya, taku 20 tsakanin kowa, kai kana tsakiya, kuma ba mai harbi sai gabansa. Wanda ya wuce sahu, a tsaya har ya dawo. In adaka ta ƙi tashi, mai ita ya riƙe bakinta ƙasa minti guda cur: albarushin da ya sha raɓa yakan kama a makare, kuma a nan ne mutum ke leƙa baki ko ya ƙara ɗuri a kan ɗuri, ta fashe masa a hannu. Abin da ya wuce taku 35 a bar shi, ƙwayoyin sun riga sun watse, rauni kawai za su yi.

Ku fita bayan asuba, ku juyo kafin ƙarfe 11. Kowa da ruwa lita 4 da takalmi rufaffe, saboda ƙarangiya da kububuwa. Ba cinna wa ciyawa wuta, ba farautar fitila da dare.

Abin da ya faɗi a yanka shi nan take, a cire kayan ciki kafin awa guda, a rataye a inuwa ya sha iska. Kada a cusa shi a leda da ɗuminsa, kafin ku kai Mirriya ya soma wari.