Masu fatsar dare, ku jefa ƙugiya a bakin haske

Salamu alaikum 'yan uwa masunta.

In za ka kwana kan ruwa a bazaran nan, rataya fitila mai cajin rana a gefen kwale-kwale, kamar kamu ɗaya sama da ruwa. Ka bar ta wuri guda, kada ka riƙa yawo da ita.

Amma kada ka jefa ƙugiya tsakiyar hasken. Jefa ta a gefe, inda haske ya haɗu da duhu.

Ƙwari ne ke fara taruwa, su faɗa ruwa. Ƙananan kifi su biyo su. Manyan kuwa, irin su giwan ruwa, a duhu suke laɓewa suna jiran wanda zai ratse. Tarwaɗa ma da dare take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci, don haka sauke mata tana har ƙasa.

Na gwada a dam ɗin Tiga. Ka ba shi kamar awa guda, ban da buga kwale-kwale. 

Ranar farin wata dabarar nan ba ta ci, haske ya bazu ko'ina. Haka in ruwan farko ya dama tafkin.

In hadari ya taso da iska, don Allah ka fito.